Masu gida a kan ruwa a Las Palmas

A watan Nuwamba, matsayar ƙananan jirage ta Las Palmas, a tsibirin Gran Kanariya na ƙasar Sifaniya, cika take yi maƙil. Daga nan ayarin da ake kira ARC yake tashi kowace shekara tun 1986, jirage masu tafiya da iska su ratsa Tekun Atlantika zuwa yankin Karebiyan, a yanzu tsibirin Sen Lusiya, tafiyar mil 2,700 na teku, mako biyu zuwa uku ba a ganin ƙasa. Da yawa cikin matafiyan jirgin ne gidansu, a ciki suke girki, a ciki yaransu ke karatu. Na je da zaton zan tarar da 'yan ganin dama masu wasa da rai. Abin da na tarar mutane ne masu taka-tsantsan fiye da duk wanda na sani, kuma sababbin shiga sun fi kowa.

Kafin a bar jirgi ya bi ayari, sai mai duba ya hau ya ga kayan ceto ɗaya bayan ɗaya: kwale-kwalen roba mai hura kansa, rigar ceto ta kowane mutum da igiyar da zai ɗaure kansa da jirgi, da wata na'ura wadda idan an kunna ta take aika kiran neman agaji ta tauraron ɗan'adam, da sunan jirgin da inda yake. Na ga wata mata tana sa mijinta ya jefa buhu a ruwa a matsayin mutum, ita kuma ta juya jirgi ta ɗauko, su sake, su kuma sakewa. Dalilinta, in ji ta, shi ne idan mijin ya faɗa ruwa da tsakar dare ba ta da wanda za ta tambaya.

Amma hirar da ta fi zafi a bakin matsayar nan ta inshora ce. Dokar Sifaniya ta wajabta wa jirgi inshorar biyan ɓarnar da zai yi wa wani, kuma ofishin matsaya sai ya ga takardar. Wannan mai sauƙi ce. Wuyar tana ga inshorar jirgin kansa. Kamfani zai nemi rahoton ƙwararren da ya duba jikin jirgi, ya tambayi shekarun wayoyin ƙarfe masu riƙe da jigon tsakiya, domin da yawa ba sa amincewa da waɗanda suka haura shekara goma. Zai tambayi mutum nawa za su yi tuƙi, da ko sun taɓa ƙetare teku. Sabon shiga kuwa sai ya ƙetare zai sami gwaninta, ga shi ana neman gwanintar kafin ya ƙetare, shi ya sa wasu ke ɗaukar gogaggen matuƙi haya. Hatta ranar tashi inshora na da hannu a ciki: lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma kamfanoni da yawa kan janye ko su tsaurara sharaɗi ga jirgin da ke yankin Karebiyan a wannan tsakani. Tun 2020 kuma an sami ƙarin fargaba, wasu manyan dabbobin teku masu launin baƙi da fari suna lalata allon juya jirgi a kusa da mashigin Jibiralta.

Batun doka kuwa lissafin kwanaki ne. Baƙo daga wajen Tarayyar Turai da ƙasashen Shengen kwana 90 yake da shi a yankin Shengen, wanda Sifaniya ke ciki, cikin kowane 180, kuma jirgi mai tafiyar hawainiya ba ruwansa da kalanda. Tun da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai su ma Ingilishi suka shiga wannan ƙidaya, abin da mai koren fasfo ya daɗe da sani.

Akwai wata damuwa da ta fi taɓa ni. Wannan tekun ne kwale-kwalen 'yan ci-rani daga Senegal da Muritaniya ke bi, kuma a 2024 fiye da mutum 46,000 suka isa tsibiran Kanariya ta ruwa. Dokar teku ta ɗora wa kowane matuƙi taimakon wanda ke cikin haɗari. To, yaya jirgin mutum huɗu zai yi da kwale-kwale mai mutum ɗari? Abin da ake koya musu shi ne su kira hukumar ceto ta Sifaniya a tasha ta 16 ta rediyon jirgi, su faɗi wurin daidai, su tsaya inda suke hango kwale-kwalen har masu ceto su iso.