Dilan Amurka a Filayen Montana

Duk wanda ya bar birnin Billings ya nufi gabashin jihar Montana cikin hunturu, idonsa zai sha fili har ya ƙoshi. Ba tudu ba itace sai jifa-jifa, ga dusar ƙanƙara ta lulluɓe busasshiyar ciyawa, ga shingen waya yana bin hanya kilomita bayan kilomita. A nan na fara ganin koyoti, ɗan'uwan dilanmu na gida, sai dai ya fi shi girma da kaurin gashi. Yana tsaye can nesa yana kallon motarmu, bai gudu ba, bai kuma matso ba. Da dare kuwa, in biyu ko uku suka ɗauki kuka, sai ka rantse sun kai goma.

Dabbar nan ta burge ni, ba zan ɓoye ba. Fiye da shekara 100 ke nan makiyaya da gwamnati suna yaƙarta da guba da tarko da harbi daga jirgin sama, saboda ɓarnar da take yi wa tumaki da 'yan maruƙa. Jihar Yuta ma tun 2012 take biyan lada ga wanda ya kashe koyoti, da farko dala 50 kowane ɗaya. Duk da haka ƙaruwa yake yi. Da aka ƙarar da kyarkeci a yawancin Amurka, sai fili ya zama nasa. A yau yana kowace jiha ban da Hawayi, ya gangara kudu har Panama, kuma a Chikago masana suna bin sawunsa cikin unguwanni tun shekarar 2000. Kamar yadda dila yake malamin daji a tatsuniyoyinmu, haka koyoti yake gwanin wayo a labaran asalin mazauna Amurka.

Mai masaukina makiyayi ne, maharbi kuma. Da asuba yake fita, ya zauna inda iska ke kaɗowa ta fuskarsa don kada dabbar ta ji ƙanshinsa, sannan ya busa wata 'yar sarewa mai kwaikwayon kukan zomon da aka kama. Sai jira, cikin sanyin da ke sandarar da yatsu. Sau da yawa koyotin yakan kewayo ta bayan iska ya gano shi, ya ɓace. In mai masaukin nawa ya dawo hannu rabbana, yabon dabbar yake yi.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne aikin fata. Ba ya tsaga cikin. Daga ƙafafun baya yake fara fiɗa, ya zare fatar gaba ɗaya kamar mai cire safa. Ya kankare kitsen a hankali, ya ɗinke ramin harsashi, ya wanke jinin, ya ɗame ta a jikin katako ta bushe, sannan ya juyo gashin waje ya taje shi. Majeman Kano da sun tsaya a kansa da sun san sun ga ɗan sana'a. Fatar tsakiyar hunturu ita ce mai daraja, musamman mai farin gashi a ciki irin ta Montana da Albata ta ƙasar Kanada. Dillalai ke tattara su zuwa gwanjo a garin North Bay na lardin Ontariyo, daga can su zama gezar hular rigunan sanyi.

Naman kuwa kusan ba mai ci. Ana kai gawar bayan gona, gaggafa da hankaki su yi kalaci. Shi ya sa mai masaukina ya koma harsashin tagulla, domin ɓarɓashin darma yana kashe gaggafar da ta ci.

Kasuwar ta faɗi tun da kamfanin rigunan sanyi na Canada Goose ya sanar a 2021 cewa zai daina amfani da fatar dabba mai gashi. Wasu maharban sun daina wahalar fiɗa. Mai masaukina dai bai daina ba. Yanzu da kansa yake jeme fatun, matarsa ta ɗinka huluna da safar hannu, su sayar wa maƙwabta da matafiya irina.