Bangon da ya hana ɗan yayata barci

Mai karatu, bari in fara da amsa laifina. Watan jiya na bar wata tsohuwar mujalla a kan tabarmar ɗakina na tafi masallaci, kafin in dawo ɗan yayata mai shekara shida ya shiga ya gan ta. Bai buɗe ta ba. Bai ma iya karatun Hausa ba, balle Turanci. Bangon kawai ya kalla, amma kwana uku yaron nan yana firgita cikin dare, wai mutumin takarda yana leƙo shi. Yaya kuwa ta wanke ni tas: "Kai da ka yi boko har da difloma, ka rasa abin ajiyewa a ɗaki sai hoton aljanu?" Haƙuri kawai na ba ta, don ba ni da ta cewa.

Sunan mujallar Fangoria, 'yar Amurka ce, kuma ba ta da sana'ar da ta wuce fina-finan ban tsoro. Na tsince ta ne cikin tulin littattafan gwanjo a bakin titi a Sabon Gari lokacin ina ɗalibi. In gaya maka gaskiya, abin da ya firgita yaron shi ne ya jawo ni: wata fuska ce rabinta ya narke kamar kyandir, ido ɗaya ya tsare ka. Kuɗin motata na miƙa wa mai littattafan, na tako da ƙafa har gida. Tun ran nan nake tambayar kaina, wace irin dabara ce ke sa mutum ya biya kuɗi don abin da zai hana shi barci?

Wannan sana'a ta faro ne a 1958, da wata mujalla mai suna Famous Monsters of Filmland, wadda James Warren ya buga, Forrest Ackerman ya zama editanta. A 1957 aka soma nuna tsofaffin fina-finan dodanni na kamfanin Universal a talabijin ɗin Amurka, yara suka haukace a kan su Dracula da Frankenstein, shi kuwa Warren ya hango kasuwa. Abin dariya, a bangon fitowar farko shi mai mujallar ne da kansa ya sa fuskar roba ta dodon Frankenstein aka ɗauke shi hoto.

Gwanin da ya mayar da bangon nan abin kallo shi ne Basil Gogos, Bagirke haifaffen Masar, wanda ya fara yi musu zane a 1960. Ka tuna, yawancin fina-finan nan baƙi-da-fari ne, babu yaron da ya taɓa sanin launin fatar dodon. Sai Gogos ya riƙa zana fuskar kamar an haske ta da fitilu iri-iri a lokaci guda, kore ta nan, shuɗi ta can, ruwan lemo a kumatu. Wato bangon ya ba mai saye abin da fim ɗin kansa bai ba shi ba. Kuma a nan ne na fi jinjina masa: dodannin Gogos suna da ban tausayi. Ka dubi zanensa na Boris Karloff, za ka ga idon wanda duniya ta ƙi, ba idon mai neman cinye ka ba. Sai ka tsaya kana kallo, ka rasa ko gudu za ka yi ko jaje.

Ita Fangoria a 1979 ta fito, da Godzilla a bangonta na farko. Da fari ta yi ta kame-kame, yau ta sa Star Trek, gobe Star Wars, tana ta tafka asara. Sai a 1980, da ta sa The Shining na Stanley Kubrick a fitowa ta 7, ta gane inda abincinta yake. A fitowa ta 9 kuwa suka cire kunya gaba ɗaya: mutum ne sanye da kan alade, riƙe da zarton inji, daga fim ɗin Motel Hell. Daga nan zane ya ja baya, hoto ya karɓi fili, aikin masu kwalliyar jini da rauni irin su Tom Savini ya zama shi ne tauraro.

To, ɗauko bangon mu duba tare. Abu na farko, fuska ɗaya ce tak ta cika shafin, kuma kusan kullum kai take kallo. Labarin zuciya a tambayi fuska, in ji Bahaushe. Ko a cikin kasuwa ne, idan ka ji ana kallon ka sai ka waiga. Bayan fuskar duhu ne, don kada idonka ya samu wurin fakewa. Rubutun sau da yawa ja ne ko rawaya, launukan da ke ihu a kan baƙi. Sunan kansa ma tarko ne, domin farkonsa kalmar Turanci ce mai nufin fiƙar dabba.

Amma dabarar da ta fi burge ni tana gefen hagu. Shekara da shekaru Fangoria tana jera ƙananan hotuna daga sama zuwa ƙasa cikin zanen zaren fim na majigi. Na daɗe ina ɗaukar abin ado ne kawai, sai wata rana ina tsaye wajen mai jarida na lura da yadda yake shimfiɗa kayansa, wannan ta hau kan waccan, ba abin da ke fitowa sai kai da gefe. Ashe wannan siririn fili shi ne shagon mujalla. Ko an rufe babbar fuskar, ga wasu fina-finai uku ko huɗu suna ɗaga maka hannu. Idan ba ka son na tsakiya, ɗaya daga na gefe zai kama ka.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar, kuma nan ne Yaya ta fi ni gaskiya. Fim sai ka saya ko ka yanki tikiti, ka zauna da niyya. Bango kuwa ba ya tambayar shekarun mai kallo. A Ingila, a 1982, wani kamfani ya buga tallar kaset ɗin The Driller Killer a mujallun bidiyo, hoton ana huda goshin mutum da injin huda. Ƙorafi ya yi ta zuba, da yawa daga mutanen da ba su ma kalli fim ɗin ba. Wannan hayaniya na cikin abin da ya haifar da dokar tace bidiyo ta 1984 a ƙasar. Na kalli fim ɗin, kuma wallahi yawancinsa surutu ne da kiɗa. Bangon ya fi shi mugunta nesa ba kusa ba.

Mu ma nan mun san wannan ciniki na biri a sama. Wa bai taɓa karɓo faifai a shagon haya saboda fasta ba, ya je gida ya tarar aljanin fim ɗin wani ne aka shafa wa gawayi da farar hoda? Matsalar masu haɗa mana fastar fim ɗin tsafi ita ce haɗama: jan ido, maciji, wuta, ƙwarya, boka, ga jarumai takwas, duk a shafi ɗaya. Ido ya rasa inda zai sauka, tsoro ya koma dariya. Da za su zaɓi fuska ɗaya su bar mata duhu, da sun fi cin kasuwa.

Gogos ya rasu a 2017. Fangoria ta daina fitowa a takarda a 2015, ta dawo a 2018. Tawa kuwa yanzu tana can ƙasan akwati, na kife ta, na ɗora mata takardun makaranta. Jiya yaron ya leƙo ɗakin, ya tsaya a bakin ƙofa yana riƙe da labule. Na zaci ruwa ko alewa zai roƙa. Sai ya yi ƙasa da murya don kada uwarsa ta ji, ya ce, "Kawu, ina mutumin nan? Nuna mini shi kaɗan, daga nesa."