Tambayar Da Na Yi Wa Dariya



Na yi shekaru ina zagaya ƙauyukan bakin dajin Kamuku, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ina roƙon mafarauta su daina cinna wa daji wuta da rani. Maganata kullum ɗaya ce: gwanki in ya rasa mafaka, tasa ta ƙare. Wata rana wani tsohon maharbi ya ce mini, "Ɗana, yaushe za ka tambayi inda mu muke kwana?" Na yi dariya na wuce.

Daga baya 'yan bindiga suka mamaye dajin, aikinmu ya tsaya, ƙauyuka suka watse. Bayan sulhun ƙarshen 2024 mutane suka fara komawa. Da na je Dogon Dawa, sai na tarar da Baba a gefen gari, ruwa ya cinye katangar ɗakinsa, jikokinsa suna kwana ƙarƙashin leda. Kunya ta kama ni. Ashe na ƙaunaci halittar Allah, na manta da wanda ya yi cikin siffarsa.

Yanzu kowace Asabar ina aikin gayya. Ban iya gini ba, kwaɓa ƙasa nake yi ina miƙa wa magini tubali. Baba Musulmi ne, amma tare muke ɗora azara.

Matasa, Nehemiya bai gina garun Urushalima shi kaɗai ba. Damina na tafe, ɗakuna da yawa ba rufi. Wa zai zo?

Ubangiji ya buɗe idanunmu. Amin.