Kududdufan Kano da Ake Cikewa

Da wuya ka sami tsohuwar unguwa a cikin birnin Kano da ba ta da kududdufi, ko wurin da ake nuna maka a ce nan ne da yake. Kowane gidan ƙasa da aka tayar, daga wani wuri aka haƙo ƙasar tubalinsa da ta yaɓensa, kuma ramin da aka bari shi ne kududdufin. Ita ma badala, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu, daga gefenta aka ɗebi ƙasarta. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da Jakara kwance da ruwanta a tsakiyar gari, daf da kasuwar Kurmi.

Aikin da waɗannan ramuka ke yi wa gari ba ƙarami ba ne, sai dai babu mai gode musu. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Agusta, ruwan indararo da na lunguna can yake gangarawa ya kwanta. Daga nan ya riƙa tsuma cikin ƙasa sannu a hankali, har rijiyoyin gidajen da ke kewaye su kai bazara ba su ƙafe ba. Kainuwa ta rufe samansa, agwagin unguwa su wuni a ciki, magina su ɗebi ruwan kwaɓi kyauta.

Cike kududdufi ba a rana ɗaya ake yi ba. Da shara ake farawa. Yaro ya zo da bokiti ya juye a baki, gobe wani ya ƙara, leda da toka da tsumma su taru su yi tudu. Sai wanda ya rushe gidansa ya turo ɓaraguzai a baro. Wata safiya a ga tifa ta sauke jar ƙasa, an kafa turaku, dillalai sun soma zarya. Kafin damina ta zagayo, an jera shaguna masu ƙofar ƙarfe a inda ake jin kukan kwaɗi bara.

Masu murna da hakan suna da hujjarsu. Kududdufin da aka mayar bola wari yake yi, gidan sauro ne, kuma akwai iyayen da suka rasa 'ya'yansu a cikinsa. Ga jama'a tana ta ƙaruwa: ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano sama da mutum miliyan 9, kuma kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Amma wanda ya cike ramin bai rage ko ɗigo ɗaya daga ruwan da zai sauko ba. Ruwan zai zo, ya tarar an hana shi masaukinsa, kwatocin kuma leda ta toshe su, sai ya nufi gidan da ya fi kwari. Yawanci na mai ƙaramin ƙarfi ne, mai katangar ƙasa. Shi ya sa a lunguna da dama za ka ga an ɗaga dokin ƙofa da jerin bulo biyu ko uku, tsofaffi na tsallakawa da ƙyar. Ambaliyar da ta jiƙa atamfofi da shaddoji a Kantin Kwari a 2022, gine-ginen da aka yi a kan hanyar ruwa mutane suka fi zargi.

Da rani kuma rijiyar tsakar gida ta ƙafe, mai hali ya haƙa burtsatse, mara hali ya jira ɗan garuwa.

Kududdufan da suka rage ba su wuce a ƙirga su ba. Ina ganin ya dace hukuma ta shata iyakarsu a rubuce a matsayin matattarar ruwa da ba a yanka fuloti a ciki, a yashe su kafin damina, a kewaye su saboda yara, a kuma sama wa unguwa wani wurin zubar da shara.