Ɗan Agye a birnin Dakar

Tun zamanin Turawan mulkin mallaka ƙasar Senegal take karɓar 'ya'yan Nijar masu neman ilmi. Daga shekarar 1902 birnin Dakar ne cibiyar mulkin Faransa a Afirka ta Yamma, kuma a makarantar William Ponty ta ƙasar ne Bubu Hama da Jori Hamani suka yi karatu. A yau akwai jami'a a Yamai, akwai ta Maraɗi tun 2010, amma hanyar ba ta mutu ba. Cikin yaran Agye, Gazawa da Gidan Runji da suka ci jarrabawar bak akan sami mai tafiya Jami'ar Shaikh Anta Jop, ko makarantar likitocin dabbobi da aka buɗe a 1968, wadda Nijar take cikin ƙasashen da suka haɗu a kanta. Ya kamata uban da ya sayar da buhunan ayarsa, ko ya ci bashi a kan albashinsa, ya san abin da ɗansa zai tarar can.

Abu na farko shi ne teku. Yaron da babban ruwan da ya sani shi ne tabkin damina, ko gulbin Maraɗi in ya kawo, sai ga shi a unguwar Fann inda jami'ar take, ruwa ya miƙe har inda ido ya gaza, dare da rana yana ruri. Dakar tana kan wani ɗan tsinin ƙasa ne da teku ya kusa kewayewa, nan ne kuma iyakar Afirka ta yamma. Rana ma takan makara: in agogon Agye ya buga ƙarfe 7, na Dakar yana kan ƙarfe 6.

Wannan ƙarancin fili shi ne tushen tsadar garin. Ƙidayar 2023 ta sami mutum wajen miliyan 4 a jihar Dakar, alhali ita ce mafi ƙanƙanta cikin jihohin ƙasar. Da babu inda gari zai faɗaɗa, sai gine-gine suka nufi sama. A Gazawa baƙo yakan sami ɗakin zaure ba da ko dala ba; a Dakar ɗalibai da yawa kan haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya, ko su tafi unguwannin baya kamar Pikin, kullum safiya su yi ta kokawar shiga mota. Akwai tsofaffin motocin haya masu launin shuɗi da rawaya, yaron mota na maƙale a ƙofar baya yana kiran sunayen unguwanni. Akwai kuma jirgin ƙasa na zamani da ya fara aiki a ƙarshen 2021.

Sai maganar harshe, wadda ta fi komi taɓa zuciyar ɗan Agye. Ya tashi yana ganin Hausa tana kai mutum Kano, tana kai shi zangon Kumasi, ba tare da tafinta ba. A Dakar kuwa Faransanci na aji ne da ofis; kasuwa, mota da maƙwabta duk na Wolof ne. Nan yake gane gaskiyar masu cewa baƙo ko da ido makaho ne. Amma akwai abin da ke sa shi murmushi ranar da ya fara ciniki a kasuwa: Wolof ma da biyar-biyar suke ƙirga sefa. Abin da muke kira dala su suna ce masa derem, saboda haka ɗarinsu sefa 500 ne, daidai da dala ɗari ta kasuwar Cadawa. Kuɗin ɗaya ne, lissafin ɗaya ne, sai dai jikar da ke ciyar da mutum kwanaki a ƙauye takan ƙare kafin la'asar.

Abinci ma yana da nasa darasin. A gida furar hatsi ce ta rana, tuwo da dare. Can kuwa shinkafa da kifi ce, cebujen, a babban kwano ɗaya da kowa ke kewayewa, kuma ba a barin baƙo yana kallo. Bayan an ci a ɗora shayi har zubi uku, kamar a kowace fada ta Maraɗi. Kiran salla ba ya yankewa, hoton Shehu Ahmadu Bamba yana jikin motoci da kantuna, kuma wanda ya tashi yana jin sunan Kaulaha ta Shehu Ibrahim Inyas a bakin malaman garinsu, tafiyar 'yan awoyi ce tsakaninsa da ita. Waɗannan su ke rage masa kewar gida a watannin farko.

To, iyaye da 'yan uwa, watannin farkon nan su ne masu wuya. Bursu yakan yi jinkiri, mai gidan haya kuwa ba ya jira, kuma yaro mai kunya ba zai buɗe baki ya ce yana kwana da yunwa ba. A aika masa da abin da aka samu a kan lokaci, a haɗa shi da ɗaliban Nijar da suka riga shi zuwa, a tambaye shi abin da ya ci kafin a tambaye shi makin da ya samu. Garken Gidan Runji da gonakin Agye suna jiran abin da zai koyo. Allah ya ba shi sa'a, ya maido shi gida lafiya.