Goshin jika da zafi, na kaka da sanyi

Duk hunturu, idan ƙura ta lulluɓe Karu da Nyanya, mura kan shiga gida ɗaya ta kama jika da kaka. Maganar yaron ake kawo mini kantin magani: "Jikinsa kamar garwashi." Tsohuwa kuwa sai na tambaya. "Ai Hajiya ba zazzaɓi, kwanciya kawai take yi."

Wannan amsar ta fi tayar mini da hankali. Jikin yaro yana saurin ɗaukar zafi, ƙaramar mura ma takan kai shi digiri 39. Wanda ya haura shekara 65 kuwa garkuwarsa ta yi rauni, ciwo kan sauka har huhu goshi na nan da sanyinsa. Abin da za ku gani shi ne ruɗewa, ƙin abinci da numfashi sama-sama. Ranar da kuka ga haka ku kai ta asibiti.

Yaro a ba shi farasitamol gwargwadon nauyinsa, a yi masa gwajin maleriya, ban da asfirin ga wanda bai kai shekara 16 ba. Jaririn da bai cika wata 3 ba, digiri 38 ma ya isa a nufi Babban Asibitin Karu, ko da tsakar dare ne.