Sabon agogo mai fuskar tsoho: kafin ka zuba kuɗinka

Duk wanda ya san ni a nan Agege ya san ina da raunin zuciya a kan agogon hannu. Guda shida nake da su, kuma ban da wanda na gada daga mahaifina, sauran duk sababbi ne da aka ƙera su da kamannin na da. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda matasanmu, musamman masu harkar canji da na waya, suka fara tambayata wane agogo za su saya su ajiye saboda faɗuwar naira. Amsata a kullum ita ce su saya don su ɗaura, kada su saya don ajiya. Ga dalilina.

Irin agogon da nake magana a kai shi ne na kwalliya: siriri, mai ƙaramar fuska fara ko ruwan madara, da maɗaurin fata, ba tarkacen lambobi. Asalinsa tsoho ne ƙwarai. Cartier ya zana samfurin Tank a 1917. Jaeger-LeCoultre ya fitar da Reverso a 1931 saboda sojojin Ingila masu wasan folo a Indiya, mai fuskar da ake juyawa don kada gilashin ya fashe. Patek Philippe ya kawo Calatrava a 1932, faɗinsa wajen milimita 31 kacal, wanda yaran yanzu za su ce na mata ne. Har gobe ana ƙera jikokin waɗannan ukun, kuma ƙananan kamfanoni suna bin sawunsu: Longines yana da jerin Heritage, Tissot ya dawo da Visodate, Orient na Japan yana da Bambino ga mai ƙaramin ƙarfi irina.

A ƙarshen 1969 ne Seiko ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai batir irin na kwas da aka sa a kasuwa. Cikin 'yan shekaru irinsa ya yi arha, ya kuma fi kowane agogon wani kiyaye lokaci. Masana'antar Suwizalan ta durƙusa, ma'aikatanta suka ragu daga wajen dubu 90 zuwa wajen dubu 30. Da suka farfaɗo sai suka gane ba za su iya yin gasar daidaito ba, suka koma sayar da tarihi. Yau har akwai masu shafa wa sabon agogo launin rawaya-rawaya a lambobinsa, ko su yayyafa wa fuskar ɗigo-ɗigo, don ya yi kama da wanda ya shekara sittin a akwati. Wannan kam ban yarda da shi ba. Tsufa ba a sayensa a kanti.

Ban ce ba su da kyau ba. Duk wanda ya taɓa sa kaftani mai matsattsen hannu ya san wahalar ƙaton agogo: ya maƙale a bakin hannun riga, ya ci zaren shadda. Siririn agogo kuwa shigewa yake yi ƙarƙashin hannun riga, sai ka miƙa hannu za ka gaisa ya leƙo. Da babbar riga ma ya fi dacewa, don aikin da ke wuyan rigar ya isa ado. Kuma yana tuna mini da iyayenmu alhazai, da Rado da Seiko 5 ɗin da suke dawowa da su tsaraba daga Makka.

Amma batun ajiyar dukiya daban ne. Labarin da ke ruɗin mutane irin na wani Patek Philippe samfurin 1518 ne, da aka yi gwanjonsa a Janiba a 2016 a kan kuɗin Suwizalan sama da miliyan 11. Abin da ba a faɗa shi ne guda huɗu kawai aka san akwai na farin ƙarfe irinsa a duniya. Wanda kai za ka saya, dubbai ake bugawa. Yawancin agogon kwalliya darajarsu sauka take yi daga ranar da suka bar kanti, kuma a nan Legas ranar da buƙata ta taso maka, mai saye zai fara ne da zargin jabu ne. Yana da hujja, don jabun yanzu sai an buɗe bayansa an ga inji kafin a gane. In ba ka da kwali da takardar shaidar saye, farashin da ya ga dama zai yi maka. Mai neman wurin ɓoye kuɗi, fili ko 'yan tumaki a gida sun fi masa.

Sai abin da ba a gaya wa mai saye. Yawancin irin waɗannan agogo an rubuta musu mita 30 a baya. Wannan ba ya nufin ka yi iyo da shi, fantsamar ruwa kawai yake iya jurewa. Mu kuwa sau biyar muke alwala, ga gumi da laimar Legas. Maɗaurin fata ba ya daɗewa sai ya fara wari ya tsattsage, ruwa kuma in ya sami hanya ta wurin maɓallin wani, sai ka ga hazo a cikin gilashi. Ni cire nawa nake yi in sa a aljihun gaba. Akwai kuma batun zinare, wanda da shi ake yin mafi tsadarsu, alhali an hana mu mu maza sa shi. Na farin ƙarfe ya wadatar, ya kuma fi sauƙin kuɗi.

Babbar damuwata ita ce gyara. Agogon wani, ko otomatik, inji ne mai rai. Wata 'yar ƙafa a cikinsa tana bugawa sau 28,800 a awa ɗaya a yawancin na zamani, kuma man da ke cikinsa bushewa yake yi. Duk bayan shekara biyar ko makamancin haka sai an kwance shi gaba ɗaya, a wanke, a sa sabon mai. Waɗannan duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa a fuska, da muna yara muna zaton lu'ulu'u ne, ashe yaƙutun ƙira ne da ake sawa don rage gogayya. Wa zai yi maka wannan aikin? A da dattawanmu ne ke zaune da 'yan akwatunan gilashi a bakin masallaci da tasha, da madubi maƙale a ido, suna kwance inji ƙwaya-ƙwaya. Yau yawancin masu zama a wurin canjin batir da rage sarƙa suka iya, kuma ban ga laifinsu ba, abin da ake kawo musu ke nan.

Tsohon da ke duba mini nawa ya haura saba'in, hannunsa ya fara rawa, kuma babu yaro ko ɗaya a gabansa. Na yi masa magana, ya ce a shirye yake ya koyar in an sami mai haƙurin zama shekara biyu. Zan sa batun cikin ajandar taronmu na wata mai zuwa, mu ga ko asusun tallafin sana'a zai iya ɗaukar kuɗin mota da abincin yara biyu. Wanda yake da yaro mai natsuwa da kaifin ido, ya same ni bayan sallar Juma'a.